Tashar jirgin Marina a Legas: dattijo zai iya hawa da sauka?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Ikko. Mako mai zuwa in sha Allahu zan sauko sarin atamfa da leshi a kasuwar Balogun, kuma wannan karon da Baba za mu zo, yana son ya gaisa da tsofaffin abokan cinikinsa. Masaukinmu wajen Ojo ne. Gwiwarsa ta matsa masa, ba zan so ya wuni a cikin danfo a go-sulon hanyar Badagry ba. An ce mu hau jirgin ƙasa na Blue Line daga Mile 2, amma kuma na ji tashar Marina a sama take, bisa ginshiƙai. Mai sanda zai iya saukowa? Kuma da dawowa, ana barin mutum ya shiga da dila?

Bakatsinen Orile:
Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ku hau, kada ka yi shakka. Tun Satumbar 2023 jirgin yake ɗaukar fasinja, tashoshi biyar ne: Mile 2, Alaba, Iganmu, National Theatre, sai Marina inda layin ya ƙare. Kilomita 13, wajen minti ashirin kun isa. Marina a sama take da gaske, amma akwai lif da matakala mai tafiya da kanta. Ka kai Baba lif kawai. Na ga dattawanmu suna tsayawa cak a bakin mai tafiyar nan, ƙafa ɗaya a sama, jama'a na turowa ta baya. Ba na son a yi wa Baba haka.

Ka zaunar da shi jikin taga. Da kun bar National Theatre jirgin zai bi ta saman ruwa, ga gadar Eko a gefe, motoci jere kamar an ɗaure su, ku kuna wucewa.

Maman Ilham:
Abin da bai faɗa ba shi ne kati. Ba kwandasta, ba miƙa kuɗi a hannu. Katin Cowry ake dangwalawa a ƙofa, irin na motocin BRT, kuma ka yi wa Baba nasa daban. Sannan sunan Alaba kada ya ruɗe ku, Suru Alaba ce, ba Alaba Rago ta wajen Ojo ba. Daga Ojo sai kun shiga mota zuwa Mile 2 tukuna, nan wahalar take. Ana aikin ƙarasa layin zuwa Okokomaiko, mu na wannan ɓangaren shi muke ta addu'a.

Bakatsinen Orile:
Gaskiyarki Hajiya. Maganar dila kuwa Alhaji, ni ban ba ka shawara ba. Jaka ko leda ba laifi, amma da yamma ma'aikatan bankunan Marina cika jirgin suke, tsayuwar ma da ƙyar. Ka ba 'yan dako su kai kayan wajen masu lodin Kano, ku dawo hannu sake. Kuma ku riƙa tsayawa bayan layin da aka shata a dandamali, domin wutar jirgin a ƙasa take, jikin dogon.

Ɗan Kwari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To mu fito bayan hantsi ke nan, in cunkoson safe ya lafa. Saura abu ɗaya: daga ƙasan tashar zuwa cikin Balogun, Baba zai iya takawa a hankali, ko in nemi abin hawa tun daga CMS, tashar motar da ke kusa da Marina?