Diskin birki ya cinye a kilomita 19,000, dila ya ce waranti bai shafe shi ba

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin mota ku taimaka min da shawara, abin nan ya tsaya min a rai tun jiya. Sabuwar mota na saya dal a wurin dila, wata 14 ke nan, kilomita 19,000 da ɗoriya ne a kanta, warantinta kuma shekara 3 ne ko kilomita 100,000 duk wanda ya riga cika. Wajen wata biyu da suka wuce na fara jin sitiyari na karkarwa in na taka birki ina gudu kamar 90 zuwa 100, a ƙaramin gudu ba na jin komai. Na kai sabis na faɗa musu, suka ɗaga motar suka leƙa suka ce diskin gaba ya tafi, sai an canza duka biyun har da takalmin birki, kuma ni zan biya don wai birki kayan cinyewa ne kamar taya da wayifa, waranti ba ruwansa da su. Wallahi ni ba mai tuƙin ganganci ba ne, tsohuwar motata sai da ta haura kilomita 70,000 kafin a taɓa diskinta. Na ce su bar min motata in yi tunani. Shin haka abin yake ko dai akwai inda zan matsa?

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam Malam. Ka yi daidai da ka hana a kwance. Kafin komai, da suka ce "ya tafi" sun faɗa maka nawa suka auna? Don diski ba a yanke masa hukunci da ido. Kowane diski akwai lamba da aka buga a jikinsa, a gefe ko wajen da yake zama a kan hob (ƙarfen tsakiya da ake ɗaura diski da wili a kai), za ka ga an rubuta MIN TH sai lamba a milimita, shi ne ƙarshen sirancin da aka yarda ya kai. Yawancin na gaba tsakanin sabo da wannan iyaka milimita 2 ne kacal, misali sabo 25 iyaka 23. A sa maikiromita, na'urar auna kauri, a auna wurare da dama a kewayensa, a rubuta maka na hagu daban na dama daban. Shi ma takalmin a auna, na ciki da na waje, sabo yana zuwa da nama kamar milimita 10 zuwa 12, ana canzawa in ya sauko wajen 3.

Abin da ya sa na nace a kan awon, a ƙa'ida takalmi ne ke fara ƙarewa, diski ƙarfen zubi ne yakan cinye takalmi sahu biyu kafin shi ya gaji. In takalminka na farko yana nan da nama amma an ce diski ya mutu, to ba tuƙinka ba ne kawai, akwai abin da ke faruwa.

Ita karkarwar da kake ji mutane na cewa diski ya lanƙwashe, amma galibi ba lanƙwasa ba ce, kaurinsa ne ya bambanta, wani gefe ya fi wani da ɗan abin da bai kai kaurin gashin kai ba, sai takalmi ya riƙa kamawa yana saki a kowane juyi kai kuma ka ji a hannunka. Me ke kawo haka? In diski bai zauna daidai a kan hob ba yana ɗan lilo, to duk zagaye sai ya goga takalmi a wuri ɗaya ko ba ka taka birki ba, a hankali wurin ya sirance. Lilon da ake yarda da shi ƙarami ne sosai, wajen 0.05 na milimita a motoci da yawa, ana auna shi da geji mai allura. Tsatsa ko datti tsakanin hob da diski na kawo shi, boris ɗin da wili ke juyawa a kai in yana wasa yana kawo shi, sannan wanda na fi gani da idona shi ne ɗaure natin taya da bindigar iska, wani nati ya sha ɗauri fiye da wani maimakon a bi su a giciye da sifana mai awo. To wa ya taɓa cire maka taya tun da ka sayi motar? In su kaɗai ne a wurin sabis ka riƙe wannan.

Na biyu kaliba, wato maƙatar da ke riƙe takalmi tana matse shi a jikin diski. In fil ɗin da take zamewa a kai ya bushe ko fistin da ke tura takalmi ya ƙi komawa, takalmi na nan manne da diski kana tafiya yana ci. Gobe ka yi tafiyar minti 15 ba tare da yawan taka birki ba, ka tsaya ka kai hannu kusa da kowane wili, kar ka taɓa diskin fa zai ƙona ka, ka ji ko wani ya fi zafi. Ka duba wanne ya fi baƙar ƙura, ka leƙa ko diskin ya yi shuɗi-shuɗi.

Maman Sadiq:
Ni dai zan ɗan kawo ɗaya ɓangaren, kar ran Baban Ummi ya ɓaci. Kilomita kaɗai ba ya faɗin labari. 19,000 a cunkoso kana tashi kana tsayawa ba ɗaya ba ne da 19,000 a doguwar hanya, kuma motocin yanzu sun fi na da nauyi, ga mota mai otomatik ba ta rage gudu da giya kamar mai kuloci sai dai birki ya yi ta aiki. Wani kuma in ya sauko gangare birki ya yi zafi sai ya tsaya cak ya danne feda, takalmin ya bar shatinsa a jikin diski, daga nan karkarwa ta fara. Tawa haibirid ce, mai aiki da mai da lantarki, nawa diskin tsatsa ce ta ci shi don motar da janareto take rage gudu, birkin gaske ba ya samun aikin da zai goge fuskarsa, kuma takan yi sati biyu a ajiye bayan wanki. Ban samu komai daga waranti ba kuma da na fahimta ban ga laifinsu ba sosai. Amma naka da ake tuƙawa kullum gaskiya ya yi wuri.

Baban Ummi:
Na gode Hajiya, ba komai ai gaskiya ce. Oga na gwada abin da ka ce yau da safe. Wilin gaba na dama ya fi na hagu zafi nesa ba kusa ba, har wani ƙauri nake ji, kuma ya fi baƙi. Taya kuwa ba wanda ya taɓa cirewa sai su, sau biyu, lokacin da suka juya min tayoyi. Ba su ba ni awo ko ɗaya ba a takardar, "a canza diski da takalmi" kawai aka rubuta.

Abu Hafsat:
Yawwa, yanzu kana da magana. Na yi shekaru a teburin karɓar motoci a sashen sabis, bari in gaya maka yadda abin yake daga ciki. Abin da suka faɗa maka rabin gaskiya ne. Waranti ba ya biyan cinyewa ta yau da kullum, wannan yana rubuce a littafin kusan kowane kamfani, har Kia da ke ba da shekara 7 a Turai ba ta ɗaukar takalmin birki na tsawon shekarun nan. Amma yana biyan lahanin ƙira ko na haɗi, kuma kaliba ba kayan cinyewa ba ce. In kaliba ce ta maƙale ta cinye diski, to diskin ɓarna ce da lahani ya jawo, ana haɗa su a nema tare. Dila ba daga aljihunsa yake biya ba, shi ma kamfanin yake turawa, kuma kamfani ba ya biya sai da awo da hoto, shi ya sa ma'aikaci in ya ga aiki zai yi yawa sai ya ce maka kayan cinyewa ne a wuce wurin.

Ka koma kar ka ce musu diskina ya cinye, ka ce gefen dama yana zafi kuma ina so a binciki dalili, a rubuta ƙorafin da kalmominka a katin aiki da kwanan wata da kilomita. Ka nemi manajan sabis ba yaron da ke gaba ba. Ka ce a auna a gabanka. Ka tambaya ko kamfani ya fitar da takardar sanarwar gyara a kan birkin wannan samfurin, da lambar shasi suke dubawa, minti biyu ne. In sun ƙi, su ba ka ƙin a rubuce, ka kira sashen kula da kwastoma na kamfanin da ya ƙera motar ka buɗe ƙorafi ka karɓi lamba. Akwai kuma abin da ake kira alfarma, kamfani ya biya kaya kai ka biya aiki, ana yawan yi wa wanda duk sabis ɗinsa a wurinsu yake, sai dai ba sa tayi sai ka tambaya. Ka duba dokar masu saye ta inda kake ma, ita daban take da waranti, a Birtaniya misali dokar 2015 ta ce lahanin da ya bayyana cikin wata 6 na farko mai sayarwa ne zai tabbatar ba da shi kayan ya zo ba.

Ɗan Direba:
Ni fa da ni ne waje zan kai a sa min diski mai kyau in huta, birki ba abin da ake ja-in-ja a kansa ba ne da iyali a mota.

Tsohon Bakanike:
Maganarka ta iyali gaskiya ce ɗan'uwa, shi ya sa ban ce ya yi wata yana yawo da ita ba, kaliba mai zafi na iya tafasa man birki feda ya tafi ƙasa. Amma in ya sa sabon diski a kan kalibar da ta maƙale, wata shida zai dawo da magana iri ɗaya, kuma da zarar wani ya kwance a waje shaidar ta tafi, dila zai ce ba mu muka taɓa ba. Malam ka kai ta gobe, a hankali, ban da babbar hanya. Ko an canza ka ce a ajiye maka tsofaffin ko ka ɗauki hotonsu, kuma kilomita 200 zuwa 300 na farko ka riƙa taka sabon birki a hankali ya zauna.

Baban Ummi:
Na dawo yanzu. An auna a gabana da manajan, na hagu 24.6, na dama 23.2, takalmin ciki na dama saura milimita 3 alhali na waje yana 7. Da suka zare fil ɗin ƙasa a bushe yake ƙaf, robarsa ta tsage. Manajan ya ɗauki hotuna ya ce zai tura wa kamfani kaliba da diski da takalmi gaba ɗaya, amsa sai nan da kwana uku, motar na bar ta a can. Abu Hafsat, ya ce mai yiwuwa su amince da na dama kawai, na hagu ni in biya. Ai na ɗauka bibbiyu ake canza su?

Abu Hafsat:
Bibbiyu ne, littafin gyaransu ma haka ya ce, ba a sa sabon diski gefe ɗaya don mota za ta riƙa fizga in an taka birki. Ka ce masa ya rubuta hakan a cikin neman tun kafin ya tura.