Me zan shafa wa bakan gora kafin damina ta sauka?

Ɗan Maiwurno:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na sassaƙa baka da gorar da wani direba ya kawo mini daga wajen Damazin, irin mai kaurin nama wadda ramin cikinta bai taka kara ya karya ba. Na gama gyara shi, sama da ƙasa suna lanƙwasa daidai, na ɗaura tsarkiya, kibiya kuma tana tafiya yadda nake so. Saura shafi. Ga Yuni ya ƙarato, kun kuma san yadda raɓar bakin kogi take a nan Sinnar ta ƙasar Sudan idan ruwa ya zauna. Mai shagon fenti ya ce in sayi warnish ɗin ƙofa in zuba masa da kauri. Ƙanena kuwa ya ce man riɗi ya isa, tunda ga shi a gida. Wanne zai riƙe bai tsage ba idan ana jan bakan kullum?

Tsohon maharbi, Gadarif:

Wa alaikumus salam ɗana. Jikana ne ke rubuta mini. Kakanninmu da suka baro Burmi a 1903 da baka da kwari suka yi yaƙi, ba su kuma san wani warnish ba. Abin da na tarar ana yi shi ne a narka kitsen akuya da kakin zuma, a ɗan gasa bakan nesa da garwashi har ya yi ɗumi a tafin hannu, a murza masa da tsumma, sannan a rataye shi a rufin madafa hayaƙi ya riƙa bugunsa. Hayaƙin nan yana korar ƙwaron da ke huda gora yana zubo gari. Man riɗi kuwa bar wa miya, ba ya bushewa, ƙura kawai zai kwasa ya yi ɗoyi. Kuma ka kwance tsarkiya duk sanda ka gama harbi. Bakan da ya kwana a ɗaure cikin damina, ko me ka shafa masa sai ya sage.

Usta kafinta, Wad Madani:

Baba ya yi gaskiya a kan man riɗi da tsarkiya, Allah ya ƙara girma. Hanyarsa ma tana aiki, sai dai tana son a riƙa sabuntawa, domin zufar hannu da zafin rana suna cinye kitsen. Ɗan'uwa ka zaɓi ɗaya tun yanzu: in kitse ya riga ya shiga gora, babu warnish ɗin da zai sake kama ta.

Babu shafin da ke hana itace shan damshi gaba ɗaya, jinkirta shi kawai yake yi. Masu sana'ar suna son danshin cikin baka ya tsaya wajen kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari. In ya haura, bakan ya yi laushi, ya riƙe lanƙwasar ko an kwance shi. In ya faɗi ƙasa sosai, irin na zafin Afrilu da Mayu, sai ya yi gautsi. Mu a nan duka biyun muke gani cikin shekara guda, shi ya sa nake son shafi mai hawa biyu.

Fara da bayan gorar. Fatar nan mai sheƙi tana da kaki a jikinta, komai zame mata yake yi. Ka kankare sheƙin kawai da bakin wuƙa a tsaye, a hankali, har launin ya dushe. Kada ka ci zaren da ke ƙarƙashi, a nan ƙarfin bakan yake, kuma kada ka daddatse gaɓoɓin don su yi sumul. Sai samfefa mai lamba 220, ka bi da 320, kana bin tsawon gorar ba gicciye ba.

Hawa na farko jamalakka, wato shellac, wadda masu gyaran kujeru ke amfani da ita. Giram 100 cikin rabin lita na sibirto (wato sifirit), a kwalba mai murfi, ta kwana ta narke. Bar ta ta kwanta, za ka ga farin laka a gindi, ka tsiyaye na saman mai haske kaɗai, domin lakar nan kaki ce kuma tana hana warnish mannewa. Ka dunƙule auduga cikin tsohon tsumma, ka shafa siriri sau biyu ko uku. Kafin ka sha shayi ka dawo ta bushe. Bakin gorar da wurin da tsarkiya ke zama ka ƙara musu, ta nan ruwa ya fi shiga.

Hawa na biyu warnish na mai, amma ba da kauri ba kamar yadda mai shago ya ce. Shi kaya yake son sayarwa. Ƙofa ba ta lanƙwasawa, baka kuwa duk ja sai bayansa ya miƙe cikinsa ya matse, shafi mai kauri sai ya tsattsage kamar taɓon kududdufi da rani. Ka gauraya shi rabi da rabi da tarbantin, ruwan da ake tsinka fenti da shi, ka goga da tsumma, kwana ɗaya tsakanin shafi da shafi, kana ɗan sosa shi da lamba 400. Huɗu ko biyar sun wadatar. Ka rataye shi a ɗaki rufe, ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura.

Mai gyaran kwale-kwale, Bur Sudan:

Usta, ni da jamalakka ba ma shiri. Ruwa ya daɗe a kanta sai ta yi fari, zafi kuma yana sa ta laushi. Na ga bakan wani maƙwabcina da ya bari a bayan mota da rana, tsumman da ya naɗe shi ya manne masa. A nan bakin teku warnish ɗin jirgin ruwa muke sa wa itace kai tsaye, mai yawan mai ne, an yi shi don katakon da ke motsi. Tsada ce matsalarsa, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 ma ba ko'ina ake samu ba. Wani abu kuma: tsumman da ya sha man kattan (linseed) ko warnish kada a dunƙule shi a jefa lungu, yana iya yin zafi ya kama wuta da kansa. A shanya shi a buɗe ko a tsoma cikin ruwa.

Ɗan Maiwurno:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Usta, ƙaro fa? Shi kam ba ya wahalar samu. Kuma jar fatar da zan naɗa a mariƙi, kafin shafi ko bayan shafi?

Usta kafinta, Wad Madani:

Ƙaro ruwa ke narka shi, raɓar asuba ɗaya za ta mayar da shi danƙo a hannunka. Maganar ɗan'uwanmu na Bur Sudan gaskiya ce idan jamalakka ce a waje ita kaɗai, a ƙarƙashin warnish kuwa ruwa bai isa gare ta ba. In ka sami na jirgin ruwan, shi za ka sa a saman. Fata bayan shafi, don mariƙin ma ya rufu. Ka ba shi mako biyu kafin ka ɗaura tsarkiya. Ka danna farce a wurin da fatar za ta rufe: in ya bar sawu, ƙara masa kwanaki.