Ciwon ƙugu ga mai sikila, sai an yi aiki ne?

Yar Misfala:
Salam 'yan uwa, ƙanena mai sikila ne, ƙugunsa na dama ya matsa masa, ɗingishi yake, ko ɗawafi sai a keke. Likita a Jidda ya ce jini ba ya kaiwa kan ƙashin cinyar, wai ƙashin ya fara mutuwa. Don Allah magani ba zai isa ba?

Baban Yara:
Wa alaikissalam ƙanwata, Allah ya ba shi lafiya. Ya danganta da inda abin ya kai, in kan ƙashin bai burma ba akwai aikin da ake huda shi a rage matsi, amma in ya lotsa to sai dai a canja gaɓar a sa ta ƙarfe. Ku nemi MRI, wato hoton na'urar maganaɗisu, hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna shi da wuri.

Hajiya Jarwal:
An yi wa ɗiyata canjin gaɓar, Alhamdulillah tana takawa. Watannin farko an hana ta tsugunno da harɗe ƙafa, salla a kujera, bayi ma na zama. Kuma 'yar nan kar ku yarda a shiga da shi tiyata sai likitan jininsa ya duba shi, wani lokacin sai an ƙara jini tukuna.

Yar Misfala:
Na gode Hajiya, gobe zan tambayi ta'amin ɗinsa, wato inshorar lafiyarsa, ko za su biya MRI ɗin.