Shekara guda a cikin magoya bayan ƙwallo: wanne zan riƙe, wanne zan saki?

Ɗan Gwammaja

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a harkar goyon bayan ƙungiyoyi, domin kakar wasa ta 2024/2025 ita ce ta farko da na shiga cikin magoya baya da gaske, wato na tashi daga mai kallo daga gefe na koma wanda aka rubuta sunansa, ake karɓar kuɗin wata a hannunsa, ake kuma cigiyarsa idan ba a gan shi ba. Wurare biyu na shiga a lokaci ɗaya. Na farko zauren WhatsApp ne na magoya bayan Arsenal na unguwarmu, waɗanda kusan dukkanmu a gidan kallo ɗaya muke haɗuwa. Na biyu kuwa wata ƙaramar ƙungiya ce ta masoya Kano Pillars da ke tafiya filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata tare, su kuma yi karo-karon kuɗin mota idan wasan waje bai yi nisa ba.

A ɓangaren Arsenal an sha daɗi ƙwarai. Daren da ta ci Real Madrid uku ba ko ɗaya a watan Afrilun 2025, lokacin da Declan Rice ya zura ƙwallo biyu daga bugun tazara, benci ya kife a gidan kallonmu, mai shayin bakin ƙofa ya bar tukunyarsa a kan wuta ya shigo yana rungumar mutanen da bai san sunansu ba. Daga baya PSG ta fitar da mu a wasan kusa da na ƙarshe, a gasar Firimiya kuma muka ƙare a bayan Liverpool. Abin da ya dame ni shi ne yadda zauren ya koma bayan haka. Saƙonni ba sa yankewa har tsakar dare, tsokanar da ake yi da 'yan Chelsea da 'yan Manchester United ta tashi daga raha ta kai ga ambaton iyaye, har akwai maƙwabta biyu da yanzu ba sa gaisawa. Sannan wasu sun fara liƙa hoton tikitin caca kafin kowane wasa, yara ƙanana kuma suna gani.

A ɓangaren Pillars kuwa wahala ta fi yawa: layin shiga cikin rana, ƙura, da kuɗin mota da kullum ke ƙaruwa. Dawowar Ahmed Musa ƙungiyar a watan Oktoban 2024 ta jawo mutane da dama da suka daɗe ba su leƙa fili ba, kuma idan makaɗa suka ɗauki ganga aka amsa da "Sai Masu Gida" murya ɗaya, mutum yakan ji abin da akwatin talabijin ba zai taɓa ba shi ba. Mutanen nan su ne suka zo sunan 'yata da sassafe, suka tsaya har aka kwashe tabarmi. Sai dai a can ma nakan ji tsoron abin da wasu matasa kan yi idan hukuncin alƙalin wasa bai yi musu daɗi ba.

Ina da kasuwa da iyali, lokacina ba zai ɗauki wuraren biyu ba a kaka mai zuwa. Wanne kuke ganin ya cancanci a ci gaba da zama a cikinsa, kuma ta yaya kuke hana adawa ta zama gaba?

Dattijon Fagge

Wa alaikumus salam, ɗana. Tun da aka kafa Pillars a 1990, aka haɗe WRECA da Golden Stars da Bank of the North suka zama ƙungiya ɗaya, nake binta, don haka kada ka sa ran zan yi maka maganar ɗan ba-ruwanmu. Shawarata ita ce ka riƙe ta gida, kuma zan gaya maka dalili.

Goyon bayan ƙungiyar Turai abu ne da ba ya ƙara mata komai, ba ya kuma rage mata komai. Ko ka yi ihu ko ka yi barci, abin da zai faru a Landan zai faru. A Ƙofar Mata kuwa mai goyon baya yana cikin wasan. Daga 2003 har zuwa 2015 ba a ci Pillars a gida a gasar lig ba, sai da Nasarawa United ta zo ta karya wannan tarihi, kuma duk wanda ya zauna a filin a waɗancan shekaru ya san cewa jama'a suna da kaso a ciki, domin baƙi kan shigo ne gabansu na faɗuwa tun kafin a busa usur. A cikin wannan zamani ne muka ɗauki kofin lig a 2008, muka sake ɗauka sau uku a jere a 2012 da 2013 da 2014. A 2009 kuma muka fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, muka kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta tsayar da mu. Ahmed Musan da ka gani ya dawo, a nan muka fara ganinsa yana yaro, ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a lig kafin ya tafi Turai.

To amma hannun da ke ɗaga ƙungiya shi ne kuma ke iya kayar da ita, kuma tsoron da ka ambata yana da tushe. A watan Afrilun 2022, a wasa da Katsina United, aka yi tarzoma har aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasar ta cire mana maki uku, ta mayar da wasanninmu na gida Abuja, a ƙarshen kakar kuma muka faɗa gasar 'yan dagaji, sai a 2023 muka dawo. Waɗanda suka yi jifa a ranar sun tafi gidajensu, mu da muka daɗe muna bin ƙungiyar muka ɗauki baƙin cikin. Saboda haka idan za ka zauna, ka zauna a matsayin wanda zai riƙe hannun yaron da ya sunkuya zai ɗauki dutse. Masu natsuwa irinka idan suka janye, filin ya zama na masu zafin kai ke nan.

Abu na ƙarshe, tunda kuna tara kuɗi: ku sa ma'aji ya riƙa karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa duk wata. Na ga ƙungiyoyin magoya baya da rashin nasara bai raba su ba, amma kuɗin mota ya raba su.

Mai Gidan Kallo

Da girmamawa ga Baba, ban yarda cewa zumuncin gidan kallo ba zumunci ba ne. Sana'ata ke nan, kuma ina ganin abin da ke faruwa a kan bencina kowane ƙarshen mako. Akwai wanda ya sami aiki ta hannun wanda yake zaune kusa da shi, akwai ranar da aka zagaya da hula aka tara wa wani kuɗin magani kafin a dawo daga hutun rabin lokaci, kuma mutumin da ke Bichi ko Gumel ba kowane mako zai iya zuwa Ƙofar Mata ba, amma yana da inda zai zauna da 'yan uwansa idan an tayar da janareto.

A ganina, Malam, matsalarka tana cikin wayar. Mutumin da zai tsokane ka ido da ido yakan ji nauyinka, ya san iyakarsa, kamar yadda Bakano da Bazazzagi ke wasansu shekara da shekaru ba a taɓa jin an kai ruwa rana ba. A zaure kuwa babu fuskar da za a ji kunya, shi ya sa harshe ke zarcewa. Ni a wurina doka biyu ce: wanda ya zagi iyayen wani zai fita ko da ya biya kuɗinsa, kuma ba a nuna tikitin caca a ciki. Cacar nan ita ce ta fi ba ni tsoro, domin wanda ya sa kuɗin cefanensa a kan wasa ba ƙwallo yake kallo ba, kuma shi ne farkon wanda zai ɗauki raha da zafi. Ka fita daga zauren idan shugabanninsa sun kasa tsawatarwa, amma babu abin da zai hana ka zuwa kallon manyan wasanni.

Ɗan Maraɗi

Ina gaishe ku daga Maraɗi. Mu a nan abin da ke tayar da gari tsaye shi ne kokowar gargajiya ta neman takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, kuma kowace shekara jihohi takwas na Nijar kan turo 'yan kokowa goma-goma a kara a jihar da zagaye ya zo kanta. Na kawo wannan ne saboda tambayarka ta biyu. Adawa tsakanin jihohi tana da zafi, musamman a shekarun da Issaka Issaka na Doso ya yi ta ɗaukar takobi, amma a fagen akwai makaɗa da maroƙa, akwai 'yan cali-cali masu kwaikwayon 'yan kokowa suna ba jama'a dariya, kuma wanda ya yi kaye yakan miƙa hannu ya tayar da wanda ya kayar. Idan mai kallo ya ga gwaninsa ya rungumi abokin karawarsa, da wuya ya fita yana neman faɗa. Ku ma ku nemi magoya bayan baƙi kafin wasa, ku ba su ruwa, ku nuna musu inda za su yi salla. Wanda ya sha ruwanka a Kano shi ne zai tare maka faɗa a garinsu.

Ɗan Gwammaja

Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, zan ci gaba da zama da mutanen Ƙofar Mata, kuma maganar karanta lissafi duk wata zan kai ta taronmu na gaba. Zauren unguwa kuwa zan fara yi wa masu kula da shi magana a kan zagi da caca. Idan ba su ɗauki mataki ba zan fita, in riƙa zuwa gidan kallo a ranakun manyan wasanni kawai. Shawarar ɗan uwanmu na Maraɗi ma za mu gwada ta. Idan akwai wani a nan da ke cikin magoya bayan Katsina United ko El-Kanemi Warriors, don Allah ya yi mini magana ta sirri, mu san juna kafin a fitar da jadawalin sabuwar kaka.