Bibiyar LTTng kai tsaye: bayanai na zuwa a makare, wasu kuma na ɓacewa

Sadiq Samaru: Assalamu alaikum jama'a. Ina amfani da LTTng, kayan aikin naɗar abubuwan da ke faruwa a cikin manhaja yayin da take aiki. Na buɗe seshan da lttng create gwaji --live, relayd mai karɓar bayanan yana kan wata kwamfuta a ɗaki ɗaya, ina kallon su da manhajar babeltrace2. Abubuwan suna fitowa a dunƙule, sai shiru, sai kuma su sake zubowa. Ga shi lttng list yana nuna mini an zubar da wasu da yawa. Na taɓa switch-timer, taimar da ke sa a kwashe bayanan lokaci-lokaci, ban ga canji ba. Me zan gyara?

Malam Bala: Wa alaikumus salam. Matsala biyu ka kawo, ka haɗa su a kwano ɗaya.

Hajara T/Wada: Nawa ka ba --live ɗin?

Sadiq Samaru: Ban ba shi komai ba, Anti.

Hajara T/Wada: To ai shi ke nan. Idan ba ka ba shi lamba ba, 1000000 yake ɗauka, wato sakan ɗaya. Duk sakan ɗaya yake kwashe abin da ke bafa, wato ma'ajiyar wucin gadi ta bayanan, ya tura. Dunƙulewar da kake gani ke nan, ba lalacewa ba ce. Gwada 200000.

Injiniya Nura: Kafin ka taɓa lambar nan, Sadiq, tsaya ka ji abin da ya same ni, don har yau in na tuna raina yana ɓaci. Bara muna da wata manhaja ta karɓar kuɗi da ke maƙalewa da yamma, mai aikin ya matsa sai an gano dalili kafin Juma'a. Sabar tana wani gari, ni ina nan Sabon Gari da modem ɗina. Na ga jinkiri irin naka, sai na rubuta --live=1000, a zatona milisakan ne, wato sakan ɗaya. Ashe maikrosakan ne. Na umarce shi ke nan ya riƙa kwashe bafa sau dubu a kowane sakan, kuma kowane kan furosesa da nasa bafan. Na tayar da shi bayan la'asar na tafi masallaci. Da na dawo, fankar kwamfutar da ke karɓa tana kuka kamar injin markaɗe, ƙananan fakiti sun cika faifai, kowanne da 'yan bayanai kaɗan a ciki, datar da na saya ta wata guda ta yi ƙasa sosai. Abin da ya fi ci mini rai, zubar da bayanan bai tsaya ba. Ko ɗaya bai ragu ba. Manhajar da nake son in kama laifinta ma ta ƙara nauyi saboda ni, sai na kwana biyu ina bin matsalar da ni na haifar da ita. Da na zauna na nutsu na gane cewa taimar nan aikinta kawai ta rage jiran mai kallo. Zubarwa kuwa tana faruwa ne idan manhaja ta cika ƙananan bafofin kafin consumerd, ɓangaren LTTng mai aikin kwasa, ya kwashe su. Wannan sai dai ka faɗaɗa bafa, ko ka rage yawan abin da kake kamawa. Don Allah kada wanda ya sauka ƙasa da 100000 sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

Malam Bala: Allah ya mayar da alheri, Injiniya. Abin da nake nufi ke nan da kwano ɗaya.

Abba PZ: Ni dai ban san me ya sa kuke wahalar da kanku ba. bpftrace ma kayan bibiya ne, layi ɗaya ne ka ga abin da kake nema.

Hajara T/Wada: Abba, ba a tambaye ka wanne ya fi ba.

Abba PZ: Ai shawara aka nema, Anti.

Injiniya Nura: bpftrace yana da kyau idan ka san tambayarka. Wanda bai san inda ɓarnar take ba, so yake ya naɗi komai ya zauna ya duba daga baya. Kowanne da gonarsa.

Abba PZ: Duk da haka. Ku 'yan Sabon Gari kun fi son doguwar hanya, ko Kwangila za ku je sai kun zaga ta Kofar Doka.

Malam Bala: Kai Abba, ka bar mana Kofar Doka ta huta. Sadiq, ga abin da nake yi. Ka rushe seshan ɗin ka sake sabo, domin da zarar ka yi lttng start sau ɗaya ba za ka iya ƙara sabuwar tasha (channel, rukunin bafofin da abubuwan ke shiga) a cikinsa ba. Ina jin shi ya sa switch-timer ɗinka bai yi komai ba, wataƙila ka buɗe tasha amma abubuwan suna tafiya ta channel0, tashar da LTTng ke buɗewa da kansa. Ka yi enable-channel -u da --subbuf-size=4M da --num-subbuf=8, sannan wajen enable-event ka sa -c da sunan tashar. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa. Amma ka yi lissafi tukuna: 4 sau 8 ya ba ka 32 MiB, idan kana da kan furosesa 8 ya zama 256 MiB. Ka duba ko injinka zai ɗauka.

Sadiq Samaru: Malam, wallahi ban sa -c ba. Yanzu na duba.

Ummi Kongo: Nima ina da tambaya tunda an zo nan. Nawa ba ya nuna komai sam, babeltrace2 yana zaune kawai.

Hajara T/Wada: Ummi, duba ƙofofin sadarwa, wato ports. 5342 da 5343 na turawa ne zuwa relayd, 5344 ta mai kallo ce. Kuma a adireshin net:// ɗin, bayan /host/ sunan injin da ake bibiya za ki sa, ba na wanda ke karɓa ba.

Ummi Kongo: Kai! Sunan ne. Na gode Anti, Allah ya saka.

Abba PZ: Wa ke da wuta a PZ? Tun azahar muke duhu.

Injiniya Nura: Wani abu kuma, Sadiq. Idan ka rubuta enable-event -a, to ka kunna komai da komai. Ka zaɓi waɗanda kake buƙata kawai. Akwai kuma --blocking-timeout tare da LTTNG_UST_ALLOW_BLOCKING, manhaja ta jira maimakon a zubar, amma ni ba zan sa shi a sabar da mutane ke aiki a kai ba. Jiran nan masu amfani ne za su sha shi.

Malam Bala: A wajen gwaji kam ba laifi.

Injiniya Nura: A gwaji na yarda.

Sadiq Samaru: Na sake seshan, 4M sau 8, na sa -c, --live=200000. Minti 20 ke nan, zubarwa sifili. Kallon ma ya yi santsi. Sai dai idan manhajar ta sake tashi, mai kallon yakan ɗan tsaya kafin ya ci gaba.

Hajara T/Wada: Bafan naka na kowane mai amfani ne ko na kowane furoses? Turo mana abin da lttng list gwaji ya nuna.

Sadiq Samaru: Bari in dawo daga magariba, caji ya kusa ƙarewa.

Abba PZ: An kawo wuta a PZ. Wanda ke kusa ya zo ya yi caji.