In bar ƙanena ya sa uTorrent a kwamfutar shago?

Maman Ikram: Salamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Gwallameji. Kwamfutar ɗaya ce, kuma cike take da kayan mutane: takardun NIN, hotunan fasfo, sakamakon WAEC. Ƙanena na son sauke CorelDRAW, manhajar zane ta kuɗi, ta uTorrent, manhajar sauke fayiloli daga intanet, mu fara buga katin biki, wai kyauta ne. In bar shi, ko sai na sayi antibairos, manhajar kare kwamfuta, tukuna?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Hajiya, kar ki taɓa ba kowa lambar da banki ya turo miki a waya.

Maman Ikram: Malam, maganar kwamfuta nake yi.

Ɗan Yelwa: Anti, don girman Allah kar ki bari. Wasan ƙwallo na kwamfuta na sauke ta uTorrent ɗin bara. Umarnin da ya zo da shi ya ce a kashe Windows Defender, mai gadin da ke zuwa da Windows, kafin a saka, na kashe. Duk fasuwod ɗin da na adana a Chrome suka kwashe. Suka shiga imel ɗina, suka ƙwace Facebook, suka tura wa goggona a Azare cewa ina kwance a asibiti. Dubu 40 ta tura, kuɗin adashinta. Har yau gani take da ni aka haɗa baki, ko bikin ƙanwata ba ta zo ba. Hoton NIN da lambar BVN ɗina ma suna ciki, ban san hannun wa suke ba.

Baban Sadik: Innalillahi. Ka je ka ba ta haƙuri da wani babba?

Ɗan Yelwa: Kawuna ya je sau nawa, Baba.

Injiniya Musty: Shi uTorrent ba ɓarawo ba ne. Kana jan fayil guntu-guntu daga kwamfutocin wasu, su ma suna ja daga taka, kowa na ganin adireshin IP ɗinka, wato adireshinka a intanet. Haɗarin yana cikin manhajar da aka fasa don a yi amfani da ita ba biya, ba ka san me mai fasawar ya cusa ba. Idan da kanka ka kashe mai gadin, tsadar antibairos ba ta amfani. Hajiya, ki gwada Inkscape a madadin CorelDRAW, kyauta ce ta halal. Kuma in Windows 10 ce, Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Oktoba 2025.

Sani Gyara: Shekaru ina saka wa mutane irin waɗannan manhajoji a Wunti, ba wanda ya dawo da kuka. Antibairos dubu 8, an gama.

Ummu Hanif: Dubu 25 aka sayar min!

Injiniya Musty: Na dubu 8 ɗin shi ma fasasshe ne, Sani.

Sani Gyara: Ku 'yan boko sai surutu. Ka taɓa kwance kwamfuta?

Habu Keke: Ni wanda ya saci BVN ɗina bashi zai gada. Allah ya ba shi ikon biya.

Ummu Hanif: Ku bar ta intanet. Jiya awara aka ƙunso wa yarana a fotokwafin NIN ɗin wata baiwar Allah, hoto da lambobi 11 ɗin duk a fili. Ku masu shago, ina kuke kai takardun da suka lalace?

Maman Ikram: Ni dai ƙonawa nake.

Ummu Hanif: To na maƙwabtanki fa?