Tambarin MSC a jikin gwangwanin kifi: na lafiya ne ko na me?

Mai Butik Bagalam

Assalamu alaikum jama'a. Ina da butik a unguwar Bagalam ta Maraɗi, kayan gwangwani nake sayarwa, sai firigo guda na kifin ƙanƙara. Mai kawo mini kaya daga Yamai ya zo da wani sabon tuna, a gefen gwangwanin akwai tambari shuɗi mai siffar kifi, an rubuta MSC. Ya ce wai shaidar Turawa ce cewa kifin ya fi lafiya, shi ya sa ya ɗora jika uku a kan kowane karto. Masu sayena kuwa abu biyu suke tambaya: nawa ne, kuma bai lalace ba? Don Allah wanda ya sani ya fahimtar da ni kafin in zuba kuɗina.

Mushe na Zariya

Wa alaikumus salam Alhaji. Mai kayanka ya faɗi abin da zai sayar masa da kaya ne kawai. Tambarin nan ba ruwansa da lafiyar ciki, ba ruwansa da halal, ba ya kuma nuna ranar lalacewa. Maganar teku yake yi: cewa inda aka kamo kifin ba a kwashe shi fiye da yadda yake hayayyafa ba.

Asalin abin, a 1992 Kanada ta rufe kamun wani farin kifi da Turawa suka shekara ɗaruruwa suna ci daga gaɓar Newfoundland, saboda manyan jirage sun kusa ƙarar da shi. Dubban masunta suka wayi gari ba sana'a. Kamfanonin da ke sayen kifi suka tsorata, sai a 1997 ƙungiyar kare namun daji ta WWF da kamfanin Unilever suka kafa ƙungiyar MSC mai ba da wannan tambarin, hedikwatarta na Landan. Abu uku ake dubawa: kifin da ya rage a ruwa yana da yawa? Ragar tana halaka wasu halittun, kamar kunkurun teku da tsuntsaye? Akwai hukuma mai sa ido da gaske? In an wuce, a ba da takarda ta shekara 5, ana dawowa bincike kowace shekara. Na kifin kiwo tambarinsa daban ne, ASC, wanda aka kafa a 2010.

Matsalar da aka kafa shi dominta gaskiya ce. Rahoton hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, na 2024 ya nuna kashi 37.7 cikin ɗari na garkunan kifin teku da aka auna ana kamunsu fiye da kima. Inda ni nake da ja shi ne waɗanda ake bincika su ne ke biyan mai binciken, kuma ita MSC tana karɓar kaso daga cinikin duk kayan da aka manna wa tambarinta. Kowa ya san mai ba ka abinci da wuya ka ɗaga masa murya. Sannan kuɗin binciken dubban daloli ne, sai mai manyan jirage. A duk Afirka waɗanda aka fi sani da takardar su ne masu kamun farin kifi na Afirka ta Kudu tun 2004, sai Namibiya a 2020. Mai kwalekwale a Senegal, ko da ya fi kowa kiyaye ruwa, ina zai ga wannan kuɗin?

Ɗan Madarunfa

Mushe ya gama magana. Mu a gidanmu su muka gada, kuma tun kafin a haifi Landan ɗin nan tasu sarkin ruwa ke hana kama ƴaƴan kifi. Abin da ke kashe tabki yanzu gidan sauro ne da wasu ke ja a maimakon raga, ya kwaso har ƙwai. Ƙarfasar da babana ke kamawa da, ta fi tafin hannu biyu, yanzu sai ka yi sa'a. Ba tambari muke nema ba, ma'aikatan gandun daji su riƙa zagayawa ya ishe mu.

Hajiya Mai Sanyi

Ƙanena mai butik, ni kifin ƙanƙara nake saro wa mata masu tuya, bari in ƙara maka wani abu. Titus ɗin nan da kowa ke so, daga tekun arewacin Turai yake zuwa, su Norwe da Holan. Yana da tambarin nan da, aka dakatar da shi a 2019, saboda ƙasashen da ke kamunsa sun kasa shiryawa kan rabon kowa, kowace ta yanka wa kanta kaso, jimillar ta zarce abin da masana suka ce a kama. To kifin bai canza ɗanɗano ba, bai fasa zuwa Katsina da Maraɗi ba, farashi ne kawai ke ta hawa. Kartunan da ke iso mana ba ka ganin komai a jikinsu sai sunan ƙasa, nauyi da kwanan wata.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba wannan ba ne. Ƙaramin kifin talaka na gaɓar Muritaniya da Senegal da Gambiya, wanda da ake busarwa ko a ƙyafe ya shigo ƙasashenmu, yanzu masana'antu ke niƙe shi ya zama gari da mai. A garin Nuwadibu na Muritaniya kaɗai suna da yawa. A loda a jirgi a kai Turai da Asiya, a ciyar da kifin kiwo, shi kuma wancan a jera shi a kanti da kyakkyawan bayani cewa ba a cuci teku ba. Ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace da wata ƙungiya sun ƙiyasta a 2021 cewa kifin da ake niƙewa ya haura tan dubu 500 a shekara. Matar da ke ƙyafe kifi a Senegal ba wanda ya tambaye ta.

Mai Butik Bagalam

Allah ya saka da alheri Hajiya, Mushe na gode. To in ɗauka ko in bari? Kuma ta yaya zan gane ba manna shi kawai aka yi ba?

Mushe na Zariya

Duba kusa da tambarin, Alhaji. Na gaskiya yana tafe da lamba mai farawa da MSC-C, ana iya neman ta a shafinsu na intanet a ga kamfanin da ke da ita. In babu lamba, ka mayar masa da kayansa. In akwai, ka ɗauki karto ɗaya ka gwada, ƙila ma'aikatan ƙungiyoyi da ke zaune wajen unguwar Ali Ɗan Sofo su saya. Amma jika ukun nan ka yi ciniki a kai, ka kuma juya gwangwanin ka karanta ranar lalacewa, ka tabbata bai kumbura ba, don kayan da suka biyo ta Lome sun daɗe a hanya cikin rana.